Baƙin man Phillips 66 X/C 25W-60 a injin R-2800: inda ya yi rana da inda bai kai ba

Idan lokacin juye ya yi, masu kula da tsofaffin jiragen yaƙi irin Corsair da Hellcat da Thunderbolt a Amurka da Ingila sukan tsaya tsakanin mai biyu: AeroShell W120 mai kauri ɗaya, ko Phillips 66 X/C 25W-60, wanda aka haɗa domin manyan injunan da silindojinsu ke jere a da'ira. Jiragen uku duka injin Pratt & Whitney R-2800 ne ke jan su, mai silinda 18 a sahu biyu, tara gaba tara baya, lita 46, ƙarfin doki 2,000. Man ba a cikin inji yake kwana ba, tankinsa daban, yana cin wajen galan 20 ko fiye, shi ya sa da ganga mai galan 55 ake sayensa.

Duka man biyu suna kan ma'aunin SAE J1899, wato ba sa barin toka idan sun ƙone, kuma suna riƙe datti a jikinsu har ranar juye. Man mota kuwa ko kusa kada ya zo. Sinadarin tutiya da ke cikinsa yana cin azurfar da aka shafe metal ɗin babban kwanrod da ita, tokarsa kuma tana taruwa a kan fistin ta yi ja, ta kunna fetur kafin fulogi ya ba da wuta.

Inda 25W-60 ya ci kuɗinsa shi ne mintin farko bayan tashin inji. Da sanyin safiya a Duxford ta Ingila ko Oshkosh ta Amurka, W120 yakan yi kauri kamar zumar da ta kwana a hunturu. Famfo yana fama da shi, allurar geji ta haura sama sosai, amma man bai isa metal ba tukuna. Matsin da geji ke nunawa a wannan lokaci shaida ce ta cewa mai ya ƙi wucewa. Shi 25W-60 yana gudu da sanyi, idan ya ɗau zafi kuma ya riƙe kaurin mai lamba 60. Littattafan jiragen sun ce idan sakan 30 ya wuce allura ba ta motsa ba a kashe inji, kuma da wannan mai ba a cika kaiwa kusa da iyakar ba. Haka nan matsalar daskarewar mai a cikin na'urar sanyaya shi tana raguwa. Can ma abin yana ruɗar wanda bai saba ba: mai ya daskare a ƙananan bututu, sauran ya zagaye ta hanyar gefe bai huce ba, sai zafin mai ya yi ta hawa alhali waje sanyi ake yi. A lokacin yaƙi da fetur ake tsinka mai kafin a kashe inji a ƙasashen sanyi. Wannan mai ya rage buƙatar hakan ƙwarai.

Abin da ba ya magancewa shi ne taruwar mai a silindojin ƙasa, kuma wannan ce cutar da ta fi lalata irin waɗannan injuna. Inji na tsaye, mai yana tsiyaya ta gefen ringi da bawul ya sauka a silinda ta 8 zuwa ta 12, musamman ta 10 da ke can ƙasa a sahun gaba. Ruwa ba ya matsuwa. Idan fistin ya taso ya tarar da mai ya cika ɗakin ƙonewa, ƙaramin kwanrod ne zai lanƙwashe, wani lokaci kan silinda ya tsage. Mafi muni shi ne lanƙwasar da ba ta nuna kanta nan take, sai bayan sa'o'i a sama ta karye. Wasu makanikai ma na ganin mai mai saurin gudu da sanyi ya fi tsiyaya ƙasa da ɗiga a kan taya, kuma maganar tasu tana da hujja.

Don haka ko wane mai aka zuba, sai an juya farfela kafin a kunna. Maganeto, mai ba fulogi wuta, a kashe, totur a rufe, libar haɗin fetur a wurin yankewa, katako a gaban tayoyi. A tura farfela ta inda take juyawa, a hankali, ana ƙirga fikafikai. A Corsair na farko mai farfela mai fiffike uku, giya tana rage gudu biyu zuwa ɗaya, don haka zagaye ɗaya na farfela ya kai kowace silinda ga matsa sau ɗaya, amma a yi zagaye huɗu ko biyar. Idan ta cije, a tsaya. Kada a matsa mata, kada kuma a mayar da ita baya: man zai gudu ya ɓuya a bututun shigar iska, inji na tashi ya zuƙo shi da cikakken ƙarfi. A kwance fulogan ƙasa, mai ya zube, a juya farfela, a wanke fulogan a mayar.

Jirgin da ya yi makonni a ajiye kuma sai an tura masa mai da famfon lantarki na waje, mai ɗumi in da hali, har allura ta ɗaga, ana juya farfela. Saurin gudun 25W-60 bai ɗauke wannan aiki ba, domin metal ya riga ya bushe.

Sauran tsarin tayar da inji bai canza ba. Ƙofofin iska na murfin inji a buɗe, mutum tsaye da tukunyar kashe gobara, famfon fetur a kunne, totur a ɗan buɗe. Sitata ta juya wasu fikafikai, a kunna maganeto duka biyu, a riƙa ɗan feso fetur da maɓallin feshi har ya kama, sannan a tura liba zuwa wurin wadataccen fetur. Fetur ya yi yawa, wuta ta fito ta salansa. Ya yi kaɗan, ya yi tari ta kabureta. In wuta ta kama a can, a ci gaba da juya sitata ta zuƙe ta ciki. Farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ke turnuƙewa man da ya kwana a salansa ne. A riƙe inji wajen juyi 1,000 a minti har zafin mai ya kai digiri 40 a ma'aunin Celsius. A nan akwai tarko ga mai amfani da wannan mai: matsi yana daidaita da wuri, sai mutum ya ɗauka inji ya yi ɗumi. Gejin zafi ake bi.

Wanda zai koma 25W-60 daga tsuran mai marar sinadarin riƙe datti ya yi hattara. Darmar da ke cikin fetur ɗin jirgi mai suna 100LL da gawayi sun daɗe suna taruwa a lunguna, sabon mai zai iya tayar da su su toshe rariya. A ciro rariyar mai a duba bayan 'yan sa'o'in farko, a sake dubawa, a kuma aika samfurin mai ɗakin gwaji, a sa ido kan azurfa. Injin da ya fito daga gyaran garambawul kuwa, man da masu gyaran suka rubuta shi za a zuba har ringi su zauna.

Ga jirgin da ke zaune a wuri mai sanyi, ko mai yawo tsakanin bukukuwan nunin jirage daga bazara zuwa kaka, 25W-60 ne zaɓin da ya fi. A Chino ta Kalifoniya ko kudancin Texas tazarar ta ragu sosai, kuma injin da ya saba da W120 yana lafiya babu dalilin taɓa shi. A duk wuraren, jiragen nan sa'o'i kaɗan suke tashi a shekara, ruwa da tsami na taruwa a mai, don haka da kalanda ake juye ko sa'o'i ba su cika ba, kuma jirgin da zai yi watanni a rumfa man ajiya mai hana tsatsa ake zuba masa.