African Storybook a ajin 'yan shekara biyu: littafin kyauta ne, waƙar kuwa ta malama ce

Duk mai kula da yara 'yan shekara biyu zuwa uku ta san wahalar samun littafin Hausa mai hoto da ya dace da su. Abin da ke kasuwa yawanci na 'yan firamare ne, rubutu cunkus. Nan ne shafin intanet na African Storybook ya yi rana. Wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ce ta buɗe shi a 2014, yana ɗauke da labaran yara a harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa. Ba a biyan ko sisi, kuma an yarda a sauke, a buga, a fassara.

An kasa littattafan mataki biyar. Ga ƙananan nan, a tsaya a mataki na 1, inda shafi ke ɗauke da hoto babba da 'yan kalmomi. Wadda ta ɗauko na 3 don labarin ya fi daɗi za ta ga rabin ajin ya watse kafin shafi na huɗu.

Kada a nuna musu a waya. Yara goma ba sa iya kallon fuskar waya ɗaya, sai turereniya da kuka, wani ya dangwala yatsa shafin ya gudu. A kai littafin shagon buga takardu a fitar da shi mai launi a kan A4, a rufe kowane shafi da leda, domin yawu da hannun maiƙo ba sa barin takarda ta kai mako.

Sai dai fa a karanta kafin a buga. Da yawan labaran fassara ce daga wasu ƙasashe, Hausar wasu ba ta zauna ba, kuma yaro zai ga abinci ko sutura da bai sani ba. A duba ƙ, ɗ da ɓ musamman. Tunda an halatta gyara, a gyara.

Babban giɓin shi ne waƙa. Littafi kaɗai ba ya riƙe ɗan shekara biyu, kuma minti 15 ne iyakar zaman. A shimfiɗa tabarma, a buɗe da “Ga ta nan, ga ta nanku”, manyan cikinsu su amsa “Ta zo mu ji ta”. A yi waƙar tafi gajera mai amshin kalma biyu ko uku, sau uku a jere, don maimaici ne ke sa su kama. Sannan littafi, minti biyar, ana tsayawa a kowane hoto: ina akuya? Yaya take kuka? Da an ga sun fara mutsu-mutsu, a tashe su tsaye su yi tsallen kwaɗo ko tafiyar agwagwa, a komo a ƙarasa. A rufe da waƙar reno a hankali, sai “Ƙurunƙus”.

Idan za a ba su abin kaɗawa, gorar ruwa ƙarama da cokali biyu na gero ta wadatar, amma a naɗe murfin da salatif sosai. Tsakuwa da wake ba su da wuri a hannun yaron da komai baki yake kai wa. Kuma kowa a ba shi tasa, in ba haka ba rigimar gora za ta cinye zaman.

Littafi guda ya isa mako ɗaya cur. Ranar Alhamis su da kansu za su riga malama faɗin kukan akuyar.