Wace Sandar Fatsa Ta Dace Da Ƙoramun Kan Dutse?

Wanda ya saba fatsa da tana a bakin kogi, ranar da ya fara shiga ƙoramun tsaunukan Afalashiya a gabashin Amurka sai ya ga kamar an sauya masa sana'a. Ruwa sanyi ƙarara, faɗinsa taku uku ko huɗu, rassa sun yi masa rumfa. Kifin tiraut da ke hayayyafa a nan kuwa, yawancinsa bai fi tsawon tafi daga wuyan hannu zuwa yatsa ba. A gandun dajin Great Smoky Mountains da ke cikin waɗannan tsaunuka, doka ta hana sa tana a ƙugiya, sai abin yaudara mai ƙugiya ɗaya, galibi ƙwaron bogi na gashin tsuntsu da zare. Ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce ke ɗaukarsa ta kai shi, sandar kuma ita ke wurga igiyar.

Kafin ka tambayi kuɗinta, ka fara sanin abin da ke saman kanka a ƙoramar da za ka.

Sandar girafait, wato ta zaren kabon, ita ta cika shaguna tun bayan fitowarta a 1973. Ba ta da nauyi, tana jifa da nisa, tana yanka iska. To amma wa ke neman nisa a nan? Jifanka bai wuce mita biyar ko shida ba, ita kuwa mai tauri ba ta lanƙwasa sosai sai igiya ta fita da yawa. Ga saurin karyewa. Tawa ta farko, mai ƙafa 9, reshe ɗaya ta daka a rana ta biyu, na dawo gida da kanta a aljihu.

Ta faiba, wato ta zaren gilashi, ita nake ba mai farawa shawara: ƙafa 7 ko 7 da rabi, lamba 3, wato wadda aka yi don igiya mara nauyi. Ta ɗan fi nauyi, kuma in iska ta taso sai haƙuri. Amma tana lanƙwasa tun daga kusa da mariƙi, don haka ko igiya kaɗan ka saki za ta ajiye ƙwaron a hankali bayan dutse, inda kifin ke laɓe. Ƙaramin kifi in ya kama, har cikin tafinka za ka ji shi. Tana kuma jure gwaruwa da dutse.

Ta gora kyakkyawa ce, aikin hannu, sai dai kuɗinta na masu hali ne. Bar ta tukuna.

Sai tenkara, dabarar mutanen tsaunukan Japan, wadda ta bazu a Amurka daga 2009. Wannan ta fi kama da fatsar da muka sani: doguwar sanda mai mita 3 da rabi ko kusa da haka, igiya ɗaure a kanta, babu abin naɗe zare. Tana shigewa cikin kanta ta koma guntuwa, ka jefa a jaka. Inda sama take a buɗe, tsawonta yana ɗage igiya daga kan ruwa, ƙwaron ya bi ruwa kamar mai rai. A cikin sarƙaƙiya kuwa, kana ɗaga ta ka rataye ƙugiya a reshe.

Abin naɗe zare, sayi mai araha. Kifin nan ba ya jan igiya har ka buƙaci birki, ma'ajiya ce kawai.

Kuɗin da ka rage, zuba shi a takalmi, domin duwatsun nan sun fi kuɓewa santsi. Mai tafin tsumma ya fi kama jiƙaƙƙen dutse, amma yana riƙe laima ya ɗauki gansakuka da cututtuka daga wannan rafi zuwa wancan. Saboda haka jihar Merilan ta haramta shi a 2011, Alaska a 2012, gandun Yellowstone a 2018. Mai tafin roba da ƙusoshi ba ya hana ka shiga ko'ina, sai dai ƙarar ƙusoshin a kan dutse tana iya korar kifi, dole ka taka a hankali.