Aikin idon roba a wani asibitin ido na Sakkwato

Ƙanena ya rasa idonsa na hagu a harin 'yan bindiga, kuma a wani asibitin ido da ke cikin Sakkwato aka yi masa na roba. Ma'aikacin ya auna ramin idon, sannan ya daidaita launin ƙwayar da na idon dama, har da siraran jajayen jijiyoyi. Robar irin ta haƙoran roba ce, wadda likitocin haƙori na sojojin Amurka suka fara amfani da ita wajen yin idon roba a Yaƙin Duniya na Biyu, da gilashin Jamus da ake yin irin waɗannan idanu da shi ya yanke musu. Aikin ya gamsar da mu ƙwarai, sai dai ba a koya mana yadda ake wanke idon a lokacin ƙurar hunturu ba.