Fawa Bankin Da Ya Dace Da Sabuwar Wayarka: Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗi

Wanda ya sayi sabuwar waya a Gombe, tun kafin ya liƙa mata gilashi yake fara tunanin inda zai riƙa caja ta. Wuta takan zo ta tafi ba sallama, kuma ba mu manta da Afrilun 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun layin wutar Jos zuwa Gombe, gari ya shafe kwana da kwanaki cikin duhu, shagunan masu cajin kuɗi suka cika maƙil. Don haka fawa banki ya zama dole. Tambayar kawai ita ce wanne.

Nawa zaɓin ba ɓoyayye ba ne: mai 20,000mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan), mai bakin Type-C da ke karɓar caji yana kuma bayarwa, wanda aka rubuta PD 20W ko sama a jikinsa, wato tsarin saurin caji na PD mai ƙarfin wat 20. Duk wanda ya tambaye ni, wannan nake nuna masa.

Wayoyin yanzu, Tecno ne ko Infinix ko Redmi ko Samsung, galibi batirinsu 5,000mAh ne. Mutum sai ya yi lissafi ya ce mai 20,000 zai cika masa waya sau huɗu. Ba haka abin yake ba. An auna 20,000 ɗin ne a kan ƙarfin batirin ciki, wato 3.7V, amma kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa 5V ko fiye, wani kaso kuma ya tafi a zafi. Juya fawa bankin ka duba ƙananan rubutun baya, kamfanin kirki zai rubuta maka ainihin abin da ke fita, yawanci wajen 12,000 zuwa 13,000mAh. Ke nan cikawa biyu da rabi, ko uku idan ba ka taɓa wayar tana caji. Wannan ya ishi mutum kwana biyu babu wuta, kuma nauyinsa bai kai rabin kilo ba, zai shiga aljihun gefen riga.

Amma abin da ya fi damuna, wanda masu shago ba sa ko ambatawa, shi ne saurin da fawa bankin kansa yake shan caji. Akwai wanda aka taɓa sayar min, babba, mai kyan gani, ashe ta tsohon ƙaramin bakin nan na micro kawai yake karɓa, 5V/2A, wato wat 10. Irin wannan sai ya yi awa tara ko goma a jone kafin ya cika. Yaushe rabon da a bar mana wuta awa goma a jere? A kawo ta da tsakar dare, a ɗauke kafin kiran asalatu, ka tashi ka tarar fitila biyu ce kacal ke ci cikin huɗu. Mai karɓar 18W ko 20W ta Type-C kuwa, da caja mai ƙarfin haka, awa biyar zuwa shida ya ishe shi. Saboda haka in ka karɓi kwali, fara neman layin da aka rubuta Input, wato wutar da yake sha, sannan ka duba Output, wato wadda yake bayarwa. A garinmu layin Input ɗin nan ya fi kowane muhimmanci.

Batun saurin cajin waya kuma, sai tsarin wayar da na fawa bankin sun zo ɗaya. iPhone da PD yake aiki, kuma da wat 20 yana kai kusan rabi cikin minti 30. Daga iPhone 15 na shekarar 2023 bakinsa ma ya koma Type-C. Samsung mai cajin 25W kuwa sai da wani tsarin caji da ake kira PPS, in babu waɗannan haruffa uku a jikin kwalin, zai yi caji amma ba da cikakken saurinsa ba. Lambar 22.5W da ake bugawa da manyan haruffa a gaban kwali, ta wasu wayoyi ce kawai irin su Huawei da wasu Xiaomi, sauran sukan tsaya a 18 ko 20. Masu Infinix, Tecno da Oppo da aka ce musu wayarsu na shan wat 33 ko 45, su sani wannan saurin galibi da cajar da ta zo cikin kwalin wayar ake samunsa, a fawa banki yakan ragu. Ba laifin kowa ba ne, kuma wat 18 ma ba abin rainawa ba ne.

Mai 10,000mAh na wanda ke da sola a gida ne, yana son abin fita kawai. Mai ɗan faifan sola a bayansa ado ne, faifan bai kai tafin hannu ba, sai ya yi kwanaki a rana bai cika ba, zafin Maris da Afrilu kuma ya gama da batirin. Mai caji ba igiya yana ɓarnar wuta, yana ɗumama waya. Su 50,000 zuwa sama sun yi nauyi, cika su aiki ne, sannan jirgi ba ya ɗaukarsu. Ƙa'idar jirage ita ce kada ya wuce 100Wh (ma'aunin wutar da batir ke riƙewa), kimanin 27,000mAh, a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Mai 20,000 yana da 74Wh, don haka maniyyaci ko mai tafiya Abuja daga filin jirgin Lawanti ba shi da fargaba.

A kamfanoni, Oraimo na fi karkata gare shi, saboda ɗan gidan Transsion ne, gida ɗaya da Tecno, Infinix da itel, ana samunsa a ko'ina, farashinsa kuma da dama-dama. Anker ya fi shi suna a duniya, ya fi shi tsada, amma duk da haka a watan Yunin 2025 ya janye PowerCore 10000 samfurin A1263 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda haɗarin kamawa da wuta. In an kawo maka na hannu daga waje, duba wannan lambar. Xiaomi da Baseus ba laifi, in ka samu na asali.

To, samun na asalin nan ne aikin. Duk sunan da ya yi kasuwa, jabunsa ya fi shi yawa a kan tebur. Na ga wanda wani mai gyaran waya ya fasa a gabanmu: batura shida ne a jere, masu kama da na tocila, biyu kaɗai ke da waya a jikinsu, sauran huɗun da ya huda sai yashi ya zubo a kan benci. An cika su ne don in ka ɗauka ka ji nauyi. Irin wannan batirin, da ake kira 18650, na ƙwarai ma wajen 3,500mAh yake tsayawa. Saboda haka in ka ga abu ƙarami, mara nauyi, an rubuta masa 80,000 ko 100,000mAh, ajiye shi. Mai shago zai ce, “Alhaji, wallahi orijina ne, jiya aka sauke daga Kano.” Ka ce, “To madalla, Malam, bari mu gwada.” Jona wayarka nan take, ka ga ko ta nuna alamar saurin caji. Bar shi minti goma kana kallon lambar da ke fuskarsa. Jabu yakan daɗe a 100 sannan ya faɗo 60 farat ɗaya. Duba rubutun kwali, na jabu yakan yi dishi-dishi ko a samu harafi a karkace. In akwai tambarin da ake kankarewa, kankare shi a gabansa ka shigar da lambar a shafin kamfanin kafin ka miƙa kuɗi, domin akwai masu sa jabu a cikin kwalin asali. Wanda ya hana ka buɗe kwali, ko ya ƙi rubuta maka rasit da kwanan wata da sharaɗin canji, ka yi masa sallama ka ƙara gaba. Araha ba ta ado, kuma a nan ba kuɗin fawa bankin kaɗai za ka yi asara ba, jabu na iya ƙona maka bakin cajin waya, ko ya kumbura a ƙarƙashin matashi da dare.

Har igiyar ma ana cuta a kanta. Siririyar da ake ba ka kyauta takan hana saurin cajin gaba ɗaya, ka yi ta zargin fawa banki. Sayi Type-C zuwa Type-C mai 3A, wadda ke ɗaukar har wat 60, gajeriya mai kauri. Kada ka bar fawa bankin a mota a rufe da rana ko a kan tankin mashin, kuma ranar da ka ga bayansa ya fara tasowa, daina amfani da shi, ka fitar da shi daga ɗakin kwana.