React, Vue ko Angular: wanne ya dace da manhajar rajista mai fom da yawa?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: ya iya HTML da CSS, ya fara kama JavaScript, kuma shi da abokan aikinsa biyu za su gina manhajar intanet ta rajistar kwastomomi, mai fom barkatai da teburin bayanai. Wanne za su ɗauka cikin React, Vue da Angular, kayan aikin JavaScript uku na gina irin wannan manhaja?

Malam, dukkansu za su yi maka aikin, kuma a irin wannan manhaja mai amfani ba zai lura da bambancin sauri ba. Inda suka sha bamban wuri biyu ne: yawan shawarar da kowanne ya bar maka ka yanke da kanka, da irin kuskuren da yake jefa sabon shiga a ciki idan bayanai suka canza.

React kamfanin Meta ne ya ƙirƙiro shi, ya fito a 2013. Aikinsa zana abin da ake gani a allo kawai. Sauya shafuka, kula da fom da ɗauko bayanai daga sabar, kai za ka nemo musu kayan aiki: React Router, React Hook Form, TanStack Query, ko ka ɗauki Next.js ya haɗa maka wasu. Ku uku ne, to kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi sai an zauna an yi muhawara. Kada ka fara da Create React App, tsohon kayan buɗe sabon aikin React, ko da ka gan shi a tsohon darasi, an daina goyon bayansa a Fabrairun 2025. Yi amfani da `npm create vite@latest`.

Tarkon React a bayyane yake. Idan kana da jerin kwastomomi a `useState`, inda React ke ajiye bayanan da ke canzawa, ka yi masa `push` don ƙara sabo, allo ba zai motsa ba, domin React yana duba ko an ba shi sabon jeri ne, ba ya leƙa cikin tsohon. Sai ka rubuta `setList([...list, sabo])`. Na biyu shi ne `useEffect`, inda ake sa aiki irin kiran sabar: ka manta jerin abubuwan da ya dogara da su, kuma kana canza bayani a cikinsa, sai ya yi ta kiran sabar ba tsayawa. Na uku ya fi ɓoyuwa. Idan ka sa lambar matsayi a matsayin `key` (alamar da React ke gane kowane layi da ita) a teburi mai akwatunan rubutu, ka goge layi na biyu, rubutun da ke akwatinsa zai koma kan kwastoman da ke layi na uku. Lambar shaidar kwastoma ake sawa.

Vue, wanda Evan You ya fitar a 2014, ya fi kusa da abin da ka riga ka sani. Fayil ɗaya mai ƙarshen `.vue` yana ɗauke da HTML da JavaScript da CSS, kowanne a sashensa. A wajen fom nan ne yake haskawa: ka rubuta `v-model="suna"` a akwati, shi ke nan akwatin da bayanin sun ɗaure da juna. Kuma `push` yana aiki kai tsaye, saboda Vue 3 yana sa ido kan bayanan ta hanyar Proxy, wata dabarar JavaScript mai lura da duk canjin da aka yi musu. Umarnin `npm create vue@latest` zai tambaye ka ko kana son Vue Router na sauya shafuka da Pinia na ajiye bayanai, dukkansu daga gida ɗaya, don haka babu jayayya. Shi ma yana da nasa ramin. Abin da ka ƙirƙira da `ref` sai ka haɗa da `.value` a sashen JavaScript, amma ba a sashen HTML ba, kuma idan ka warware abin da ke cikin `reactive` zuwa ƙananan sunaye, sun rabu da asalinsu, allo ya daina binsu. Ka kuma kula da darasin da kake bi: Vue 2 ya daina samun gyara tun 31 ga Disamba 2023.

Angular na Google ne, kuma kada a rikita shi da AngularJS na 2010, wanda aka sake rubutawa daga tushe a 2016. Shi kamar gidan haya ne da aka riga aka zuba wa kaya: sauya shafuka, kiran sabar da tantance fom duk suna ciki daga `ng new`. Fom ɗinsa, gaskiya, ya fi na sauran ƙarfi idan dokokin tantancewa suka yi yawa. Kuɗin shigarsa dai TypeScript ne dole, wato JavaScript mai tantance nau'in bayanai, sannan RxJS mai kula da bayanan da ke zuwa a jere, wanda idan ka yi `subscribe` ga abin da ba ya ƙarewa ba ka rufe ba, yana ci gaba da aiki bayan an bar shafin. Ana fitar da babbar siga a kai a kai, kowace kuma goyon bayanta yana da wa'adi, don haka `ng update` zai zama aikin da ba a tsallakewa. Ga kamfani mai ma'aikata da yawa wannan tsari alheri ne. Ga mutum uku da JavaScript ɗinsu bai nuna ba, nauyi ne.

A yanayin da ka bayyana, Vue 3 zan ce ku ɗauka. Abu biyu ne za su sa in canza magana zuwa React: idan burinka neman aiki ne bayan wannan, domin tallan aikinsa ya fi yawa, ko kuma idan akwai shirin yin manhajar waya nan gaba, inda React Native zai ba ku damar amfani da ilimin da kuka riga kuka tara. Kafin ku yanke, ku gina fom ɗaya mai akwati biyar da teburi mai maɓallin gogewa a Vue da React, sannan kowa ya karanta kod ɗin ɗan'uwansa ya ƙara masa akwati na shida. Wanda aka fi saurin gane inda za a taɓa, shi za ku ɗauka.