Gwajin DNA na 23andMe: Me Yake Iya Faɗa wa Ɗan Asalin Meziko Game da Lafiyarsa?

Kamfanin 23andMe, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 2006, yana sayar da wani ɗan akwati mai ɗauke da kwalbar roba, mutum ya tara miyau a ciki ya aika ta gidan waya, bayan 'yan makonni kuma a buɗe masa rahoto a intanet kan asalin kakanninsa da cututtukan da ƙwayoyin halittarsa za su iya jawo masa. Kuɗin kunshin da ya haɗa asali da lafiya ya daɗe yana kewayen dala 200. Wannan sharhi ya fi mayar da hankali ne ga ɓangaren lafiya, kuma ga rukunin masu saye guda ɗaya, wato 'yan asalin ƙasar Meziko, waɗanda fiye da miliyan 35 daga cikinsu suke zaune a Amurka, babbar kasuwar kamfanin. Dalilin zaɓensu shi ne cewa a cikin shekaru ashirin da suka wuce masana sun gano wasu sauye-sauyen ƙwayoyin gado da suka yawaita a jikin mutanen Meziko fiye da yawancin al'ummomi, don haka su ne ma'auni mai kyau na sanin ko gwajin da aka ƙera don kowa yana yi wa kowa aiki daidai.

Amfani da kayan ba shi da wahala ko kaɗan, kuma a nan kamfanin ya cancanci yabo. Ana buƙatar mutum ya daina ci da sha da shan taba da tauna cingam na minti 30, sannan ya riƙa tofa miyau ta wani ɗan mazurari har ya kai layin da aka zana a jikin kwalbar, ban da kumfa. Idan ya rufe murfin mazurarin da ƙarfi, wani ruwa da ke ɓoye a cikinsa zai zubo ya gauraya da miyan domin kada ya lalace a hanya. Daga nan sai ya cire mazurarin, ya ɗaura ƙaramin murfi, ya yi rajistar lambar da ke jikin kwalbar a shafin kamfanin, ya mayar da ita cikin akwatin da ta zo. Babu allura, babu layin asibiti.

Abin da mai saye ya fi buƙatar fahimta yana faruwa ne bayan kwalbar ta isa ɗakin gwaji. Littafin halittar ɗan Adam, wato DNA, yana da haruffa kimanin biliyan 3, amma wannan gwaji ba ya karanta su duka. Yana duba wurare kimanin 600,000 ne da aka riga aka zaɓa, ya ga wane harafi ne yake zaune a kowannensu. Saboda haka duk amfanin sakamakon ya rataya ne a kan waɗanne wurare aka zaɓa, da kuma a kan binciken da aka yi a jikin su wane ne kafin a zaɓe su. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 79 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu masu asalin Turai ne, alhali ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya ba.

Ɓangaren asali shi ne ya fi ƙayatarwa, kuma ga ɗan Meziko yana da ma'ana ta gaske, domin akasarinsu gamin jini ne na 'yan asalin nahiyar Amurka da Turawan Sifaniya da kuma kaso kaɗan na 'yan Afirka da aka kai bauta ta tashoshi irin su Berakuruz. Sai dai kalmar "ɗan asalin nahiyar Amurka" da rahoto zai nuna tana rufe bambanci mai faɗi. Binciken da Andrés Moreno-Estrada da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2014 ya nuna cewa ƙabilar Seri da ke gaɓar tekun jihar Sonora a arewa maso yamma da ƙabilar Lakandon da ke dazukan kudu sun bambanta a ƙwayoyin gado kamar yadda Bature ya bambanta da Basine. Binciken ya kuma nuna cewa wannan bambanci yana tasiri har a ma'aunin ƙarfin huhu. Ke nan ko a cikin Meziko kanta, lissafin da ya dace da mutumin Sonora ba lallai ya dace da mutumin Yukatan da ke kudu maso gabas ba.

A kan ciwon suga ne ya kamata a tsananta bincike, domin shi ne babbar masifar lafiya a ƙasar. Ƙididdigar lafiya da abinci ta ƙasa ta 2022 ta nuna kimanin kashi 18 cikin 100 na manya suna da shi, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shi ba su san suna ɗauke da shi ba. Wani dogon bincike da aka fara tsakanin 1998 da 2004 a unguwannin Koyoakan da Iztapalapa na birnin Meziko, wanda ya bi diddigin mutane kimanin 150,000, ya gano cewa ciwon suga ne sanadin aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mace-macen 'yan shekara 35 zuwa 74. A 2014 wata ƙungiyar masana mai suna SIGMA, wadda gidauniyar attajirin ƙasar Carlos Slim ta ɗauki nauyinta, ta wallafa a mujallar Nature sakamakon gwajin mutane fiye da 8,000 'yan Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna SLC16A11, wadda take aiki a hanta wajen sarrafa kitse, kuma kowane kwafi ɗaya da mutum ya gada yana ƙara masa haɗarin ciwon da kimanin kashi 20 cikin 100. Sauyin ya kai yawan kusan kashi 50 cikin 100 a tsakanin 'yan asalin nahiyar Amurka, kimanin kashi 10 a gabashin Asiya, amma da ƙyar ake samunsa a Turai ko Afirka, shi ya sa binciken da aka shafe shekaru ana yi a kan Turawa bai taɓa cin karo da shi ba. Wani abin mamaki shi ne an gano cewa daga tsoffin mutanen Niyandatal, wani jinsin mutane da ya ɓace tun dubban shekaru, aka gaje shi. Tasirinsa kuma ya fi fitowa a jikin matasa da marasa ƙiba, wato mutanen da likita ba zai yi saurin zargi ba. A wannan shekarar dai ƙungiyar ta sake gano wani sauyi a ƙwayar HNF1A, wanda ba shi da yawa, kimanin mutum 2 cikin 100 na masu ciwon suke da shi, amma yana ninka haɗarin kusan sau biyar.

Rahoton ciwon suga na 23andMe, wanda ya fito a 2019, yana haɗa ƙananan sauye-sauye fiye da 1,000 ya fitar da kaso guda, ya ce ga yiwuwar kamuwar mutum daga shekarunsa na yanzu zuwa shekara 80. An gina lissafin ne daga bayanan abokan cinikin kamfanin, waɗanda mafi yawansu masu asalin Turai ne, kuma wannan rahoto ba ya cikin waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tantance. An sha nunawa cewa irin wannan lissafi yana rasa kaifinsa gwargwadon nisan asalin mutum daga asalin waɗanda aka gina shi a kansu. Rahoton yana da wani ɓangare mai amfani da ke nuna yadda nauyin jiki da motsa jiki da yawan cin abincin gidajen sayar da abinci na gaggawa suke sauya yiwuwar, kuma a ganina wannan ɓangaren ya fi kason kansa faɗin gaskiya.

Mai karatu da ya saba da gwajin jini na sikila kafin aure zai iya ɗaukar cewa wannan ma haka yake, a ce maka AA ko AS ko SS magana ta ƙare. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce take haddasa ta, sakamakonta kuma yankakke ne. Ciwon suga kuwa ɗaruruwan ƙwayoyi ne kowace ta ba da ɗan gudummawarta, sannan abinci da zama wuri ɗaya su ɗora nasu. Sauyin SLC16A11 yana jikin mutanen Meziko tun dubban shekaru, amma annobar ciwon suga ta 'yan shekarun baya-bayan nan ce, ta zo tare da lemon kwalba da abincin leda. Gwamnatin ƙasar ta fahimci haka, shi ya sa ta sa harajin feso ɗaya, wato kuɗin ƙasar, a kan kowace litar abin sha mai suga a 2014, sannan a 2020 ta wajabta buga baƙin tambarin gargaɗi mai kusurwa takwas a jikin kayan da suga ko gishiri ko kitse ya yi musu yawa.

Inda na fi jin tsoron wannan gwaji shi ne rahoton sankarar mama da ta ƙwan mace. Lokacin da FDA ta amince da shi a 2018, sauye-sauye uku kacal yake dubawa a ƙwayoyin BRCA1 da BRCA2, ukun kuma sun fi yawa ne a tsakanin Yahudawan Ashkenazi, alhali sauye-sauyen da aka sani masu haɗari a waɗannan ƙwayoyi sun haura 1,000. A 2023 an faɗaɗa shi zuwa 44, ci gaba ne, amma har yanzu tsiraru ne. A tsakanin matan Meziko akwai wani sanannen lahani na gado a BRCA1 inda wani babban yanki na ƙwayar, daga sashe na 9 zuwa na 12, yake ɓacewa ɗungurungum, kuma yana cikin waɗanda aka fi samu a iyalan da sankarar take bi. Irin wannan giɓi yana buƙatar hanyar gwaji ta daban da asibitoci suke amfani da ita, domin na'urar da ke duba harafi ɗaya-ɗaya ba don shi aka ƙera ta ba. Kamfanin ya rubuta gargaɗi a fili cewa rashin ganin sauyi ba ya nufin babu haɗari, kuma sai mutum ya karanta bayani ya amince kafin a buɗe masa rahoton. Duk da haka, matar da mahaifiyarta da ƙanwar mahaifiyarta suka rasu da sankarar mama, idan ta ga an rubuta "ba a samu ba", zuciyarta za ta so ta gaskata, ta ɗage zuwa ganin likita.

Haka lamarin yake a ciwon mantuwa na Alzaima. Rahoton yana duba sauyi ɗaya ne a ƙwayar APOE, mai alaƙa da nau'in da ke zuwa da tsufa. A jihar Halisko kuwa akwai iyalai da suka gaji wani sauyi a ƙwayar PSEN1 wanda yake kawo ciwon tun mutum yana cikin shekarunsa na arba'in, kuma rahoton APOE ba ya cewa komai a kansa. Akwai kuma wasu ƙwayoyin gado da suka shafi 'yan Meziko, kamar PNPLA3, wadda wani bincike a birnin Dalas ya danganta da taruwar kitse a hanta a 2008, inda aka samu nau'inta mai haɗari da yawan kashi 49 cikin 100 a tsakanin 'yan Latin Amurka, 23 a tsakanin Turawa, 17 a tsakanin baƙaƙen fata. Ga ƙwayar ABCA1 ma, wadda wani sauyi nata da kusan ba a samunsa sai a jinin 'yan asalin nahiyar yake rage kitsen jini mai amfani.

Wasu masu saye sukan sauke ɗanyen bayanansu daga shafin kamfanin su ɗora a wasu shafuka domin neman irin waɗannan sauye-sauye da kansu. Ba na ba da shawarar haka. Wani nazari na 2018 ya ɗauki sauye-sauyen da mutane suka gano ta wannan hanya daga kamfanoni daban-daban aka sake gwada su a ɗakin gwajin asibiti, sai aka samu kashi 40 cikin 100 ba su nan kwata-kwata. Na'urar tana da daidaito a kan sauye-sauyen da suka yawaita, amma tana yawan kuskure a kan waɗanda ba kasafai ake samu ba, kuma su ne suka fi firgita mutum.

Batun sirri ma ba ƙarami ba ne. A watan Oktoba na 2023 an gano cewa ɓarayin intanet sun shiga asusun masu saye kimanin 14,000 ta hanyar amfani da kalmomin sirrin da aka sato daga wasu shafuka, daga nan suka bi sashen da ke haɗa dangi suka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 6.9. A watan Maris na 2025 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda durƙushewa, daga baya wata cibiya mai zaman kanta ƙarƙashin Anne Wojcicki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ta saye kadarorinsa a kan dala miliyan 305. Dokar Amurka ta 2008 ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna wa mutum bambanci saboda ƙwayoyin gadonsa, amma ba ta shafi inshorar rai ba. Ga al'umma mai manyan iyalai kamar ta Meziko, miyan mutum ɗaya yana fallasa wani abu game da 'yan'uwa da yawa waɗanda ba a nemi izininsu ba.

Ilimin da zai gyara wannan giɓi yana tahowa daga Meziko kanta. A 2023 an wallafa bayanan ƙwayoyin gado na mutane fiye da 6,000 daga dukkan jihohi 32 na ƙasar, tare da na kimanin mutane 140,000 daga binciken birnin Meziko, kuma cibiyar nazarin ƙwayoyin gado ta ƙasa, INMEGEN, tana aiki tun 2004. Kafin wannan ilimi ya shiga cikin kayan da ake sayarwa a kasuwa, hukuncina shi ne ɗan asalin Meziko da yake son sanin tushensa da neman dangi zai ci moriyar kuɗinsa, matuƙar ya yarda da haɗarin sirrin da ke tattare da hakan. Wanda kuwa damuwarsa ciwon suga ce, gwajin jini na HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jiki na kimanin wata uku, ya fi arha kuma yana faɗa masa halin da yake ciki yanzu. Wadda sankara take bin danginta, ko wanda wani nasa ya fara mantuwa tun yana da sauran ƙuruciya, wurin likita da mai ba da shawara kan cututtukan gado ya kamata su nufa, su gaya masa jihar da kakanninsu suka fito, a yi musu cikakken gwajin ƙwayar da ake zargi.