Jirgin fito na Istanbul: yadda na kai Umma ziyarar Abu Ayyuba kafin mu kama hanyar gida

Duk wanda yawonsa na jirgin ruwa zai ƙare a Istanbul, kuma jirgin samansa ba zai tashi ba sai dare, shawarata ita ce ya ba jiragen fito na birnin wannan yinin. Kamfanin da ke tafiyar da su sunansa Şehir Hatları, mallakar hukumar birnin ne, kuma asalinsa na komawa har 1851, zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ni da mahaifiyata a kansu muka yini ranar da muka sauka daga babban jirgi. Umma ta manyanta, gwiwa na damunta, doguwar tafiyar ƙasa ba tata ba ce, don haka duk abin da zan faɗa a kan jiragen nan da ma'aunin ƙafarta na auna shi.

Ranar sauka rana ce mai wuyar sha'ani, kuma ba a cika gaya wa mutum haka ba lokacin da yake biyan kuɗi. Tun daren jajibiri ake ɗaura wa akwati takarda mai launi a ajiye shi a ƙofar ɗaki, ma'aikata su kwashe. Da sassafe a ce a bar ɗaki, domin sababbin fasinjoji za su shigo da rana. Sai a riƙa kiran mutane launi-launi. Tashar da manyan jiragen ke tsayawa, Galataport, an buɗe ta a 2021, kuma wurin duba fasfo da ɗaukar kaya duk a ƙarƙashin ƙasa yake, ga tsabta ga tsari. Amma hantsi bai gama ɗagawa ba za ka tsinci kanka a bakin titi da akwatuna, babu ɗaki, babu wurin kishingiɗa, ga yini guda cur a gabanka.

A cikin babban jirgin an yi ta tallata mana yawon bas na ranar ƙarshe, wanda zai zaga da mu gari ya sauke mu a filin jirgin sama. Kuɗin ya yi tsada ƙwarai, amma ba shi ya hana mu ba. Na karanta wa Umma jerin wuraren da za a tsaya, har da shagon dardumomi, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Auta, ban ji kin ambaci Abu Ayyuba ba." Tun kafin mu baro gida maganarta ke nan: ziyarar kabarin sahabi Abu Ayyuba Al'ansari da ke Istanbul. Na je na tambayi mai sayar da tikitin ko za a iya ratsawa ta can, ya amsa mini a daƙile cewa ba ya cikin tsari. Shi ke nan muka haƙura da bas.

Abu na farko shi ne rabuwa da kaya. Akwai shagunan ajiya a lungunan unguwar Karakoy, bayan tashar, ana biya gwargwadon yawan akwatuna. Na ajiye namu, na karɓi rasit, na ɗauki hoton ƙofar shagon da sunan layin, na kuma tambayi lokacin da suke rufewa. Fasfo da kuɗi da magungunan Umma suna jakar hannuna. Daga nan zuwa matsayar jirgin fito, kusa da gadar Galata, tafiya ce da mai lafiya zai yi cikin minti goma zuwa sha biyar. Mu mun fi haka, don muna tafe muna hutawa.

Ana shiga da katin Istanbulkart, wanda ake saya a injinan da ke bakin matsaya a zuba masa kuɗin lira. Da shi ake hawa bas da jirgin ƙasa na cikin gari da jirgin fito. Kati ɗaya ya ishe mu mu biyu: in taɓa Umma ta wuce, in sake taɓawa in bi ta. Ba zan rubuta farashi ba saboda lira ba ta zama wuri ɗaya, amma abin da muka biya mu biyu zuwa Eyup, unguwar da kabarin Abu Ayyuba yake, bai kai kuɗin kofi ɗaya a babban jirgin ba. A lura, akwai kamfanoni masu zaman kansu a bakin ruwan nan, akwai kuma masu tare baƙi suna tallan yawon Bosforus, mashigin tekun da ya raba ɓangaren Turai da na Asiya na birnin. Na Şehir Hatları farare ne, sunan na rubuce a matsaya, babu mai kiran fasinja. Ga mutanen Istanbul jirgin fito adaidaita sahunsu ne: da shi ake zuwa aiki da makaranta da kasuwa, shi ya sa babu wanda ya dame mu da kallo ko ciniki.

Layin da muka hau shi ne na Halic, wato mashigin ruwan da ya kutsa cikin ɓangaren Turai na birnin ya raba tsohon gari da Galata. Yana tasowa daga Uskudar a ɓangaren Asiya, ya tsaya Karakoy, sannan ya riƙa tsallakawa daga wannan gaɓa zuwa waccan: Kasimpasha, Fener, Balat, Haskoy, Ayvansaray, Sutluje, ya ƙare a Eyup. Jiragen wannan layin ƙanana ne, marasa tsayi, domin su iya bi ta ƙarƙashin gadoji. Wurin shiga shi na fi jin tsoro saboda Umma, sai ga shi ya zo da sauƙi. Jirgin ya manne da gaɓa sosai, wani ma'aikaci sanye da rigar aiki ya ga sandarta, bai ce komai ba ya miƙo hannu ya riƙe gwiwar hannunta har ta taka ciki. Wani saurayi ya tashi ya ba ta kujerar bakin taga, ya kira ta "teyze", yadda suke kiran dattijuwa don girmamawa. Umma ta yi ta sa masa albarka da Hausa, shi kuma ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai.

Tafiyar nan ita ce zuciyar abin. A babban jirgi kana can sama kamar a bene mai hawa goma sha, ruwa na nesa da kai. A nan kuwa ruwan na dab da taga, kana jin ƙarar inji a tafin ƙafa. Da muka shige ƙarƙashin gadar Galata muna ganin zaren masunta na saukowa daga sama, don gadar ba ta rabuwa da masu kamun kifi dare da rana. Muna fitowa sai ga masallacin Sulaimaniyya a kan tudu ta hagu, wanda Mimar Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya, ya kammala a 1557. Ta dama akwai tsohuwar ma'aikatar ƙera jirage da Sarki Muhammad Alfatih ya kafa a 1455, shekara biyu bayan ya ci birnin, kuma har yau a nan ake gyaran jiragen fiton nan. Wannan ya burge ni matuƙa: wurin aiki ya haura shekara ɗari biyar bai zama kango ba. A Fener akwai wani jibgegen gini na jan bulo a kan tudu, makarantar Girkawa ce. A Balat kuma, bakin ruwa, akwai cocin 'yan Bulgeriya da aka yi da ƙarfe zalla, an zubo sassansa a Biyana, babban birnin Austriya, aka kawo aka harhaɗa, aka buɗe a 1898. Wajen Ayvansaray ana hango ragowar ganuwar Rumawa. Na nuna wa Umma na ce, "Umma, ga ganuwar da su Abu Ayyuba suka zo gabanta." Ta daina jan carbi ta kafa mata ido har muka wuce.

Babu lasifika mai bayani a jirgin, ba kuma a yi shi don 'yan yawon buɗe ido ba. Wanda yake son sanin abin da yake gani sai ya karanta tun kafin ya hau. Ni na fi son haka, domin kunnena ya gaji da sanarwa da kiɗa a babban jirgi.

Daga matsayar Eyup zuwa masallaci tafiya ce 'yar gajeriya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babu hawa. Abu Ayyuba Al'ansari, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne sahabin da ya sauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin hijira, bayan taguwa ta durƙusa kusa da gidansa a Madina. Ya halarci Badar. Da tsufansa ya fito tare da rundunar da ta nufi wannan birni a zamanin Mu'awiya, ya rasu a can, bayan ya yi wasiyya a kutsa da gawarsa gaba iyakar iyawa, sai aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan cin birnin a 1453 Alfatih ya gina hubbare da masallaci a wurin, a 1458. Ginin masallacin da ake gani yanzu na 1800 ne. A nan ake rataya wa sababbin sarakunan Usmaniyya takobi idan sun hau gado.

Farfajiyar cike take da tattabaru, ga wata tsohuwar bishiya da aka kewaye da ƙarfe a tsakiya. Bangon hubbaren an lulluɓe shi da tayil mai shuɗi da kore. Mun tarar da iyalai sun kawo yara maza da za a yi wa kaciya, an sa musu fararen kaya da alkyabba da hula mai gashin tsuntsu, kowanne riƙe da sanda, an rataya musu ɗamara mai rubutun Masha Allah. Umma ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce sarakunan yini ɗaya. Muka cire takalma muka bi layi. Ta tsaya gaban tagar, ta yi masa sallama, ta yi masa addu'a, ba ta daɗe ba saboda na baya. Muka yi azahar a ɓangaren mata. Akwai wurin alwala na mata, akwai kujeru ga wanda ba ya iya zama a ƙasa. Wanda zai zo ranar Juma'a ya san cewa cunkoson na daban ne.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne jadawali. Jirgin Halic ba ya zuwa a kai a kai kamar masu tsallaka Bosforus, idan ya wuce ka za ka ɗan jima kana jira. Da muka sauka na ɗauki hoton jadawalin da ke manne a matsaya, shi ya ba mu damar zama a masallaci hankali kwance. Haka kuma idan hazo ya sauka ko iskar kudu ta taso da ƙarfi akan dakatar da jiragen fito. Mai tikitin jirgin sama a aljihu kada ya bari yamma ta riske shi a tsallaken da ba nan kayansa suke ba.

A dawowa ba mu sauka a Karakoy ba, muka zarce har Uskudar, ɓangaren Asiya. A nan ƙaramin jirgin ya ɗan yi rawa da ya shiga Bosforus, ruwan na da ƙarfi, ga manyan jiragen dakon kaya na wucewa. Daga tsakiyar ruwa muka hango jirgin da muka baro yana tsaye a Galataport, ya tsere wa gine-ginen da ke bayansa. Muka ci abinci a Kanaat, tsohon gidan abinci da ke aiki tun 1933, 'yar tafiya kaɗan daga matsaya. Tukwane na jere a bayan gilashi, ka nuna abin da kake so a zubo maka. Umma ta zaɓi shinkafa da farin wake da naman rago mai romo, ta cinye tas, abin da ban ga ta yi ba tun da muka hau ruwa. La'asar a masallacin Mihrimah muka yi, yana kallon matsayar, shi ma aikin Sinan ne na 1548, sai dai akwai matakala kafin a shiga.

Daga Uskudar zuwa Eminonu, unguwar tsohon gari da ke ɗaya bakin gadar Galata, babban jirgin fito muka samu, mai hawa biyu, da dogayen kujeru da wurin sayar da shayi a ciki. Tafiyar ba ta fi ta kwatan awa ba, amma ta isa a sha shayi. Baƙi ne wuluk, mai zafi, a ɗan tambulan mai siririn ƙugu a kan faranti, da sukari ƙwaya biyu a gefe. Na sayi simit, burodin nan mai kamar zobe da aka barbaɗe da riɗi, muka zauna a kujerun waje ta baya. Wata yarinya na gutsura nata tana jefawa sama, fararen tsuntsayen teku na cafewa tun bai faɗo ba, suna bin jirgin har gaɓa. Fadar Topkapi da Aya Sofiya na gabanmu. Akwai banɗaki a jirgin, na duba kafin in kai Umma, a tsabtace yake. Wannan layin yana cika idan an tashi daga aiki, gara a tsallaka kafin lokacin.

A Eminonu na bar Umma a zaune na shiga kasuwar kayan ƙamshi na yi tsaraba a gurguje, busasshen ɓaure da alewar lokum da ganyen shayi. Tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa na T1 zuwa Karakoy, da katin nan dai. Muka karɓi akwatuna.

Ga wa zan ce ya bi wannan hanya? Ga mai tafiya da dattijo ko yara, wanda ke son ganin gari a zaune, da wanda kuɗinsa ya ja baya a ƙarshen tafiya. Wanda jirginsa na azahar ne kada ya fara, ya wuce filin jirgi kai tsaye. A kuma duba tikiti da kyau, domin filayen jirgin sama biyu ne: babban na ɓangaren Turai, da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 da ke zuwa babban filin daga Gayrettepe, amma sai an yi canji kafin a kai gare shi, da akwatuna da gwiwar Umma ba zai yiwu mana ba. Mota muka ɗauka, na tabbatar direban ya kunna mita kafin mu tashi, na kuma ware wa hanyar awa biyu saboda cunkoson yamma.